DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: DARASI DAGA TSOFAFFIN TASWIRORIN DUWATSUN SMOKY

Daga Malamin Labarin Ƙasa

GABATARWA

Kowace shekara idan muka iso darasin karanta taswira, akwai ƙorafi biyu da na saba ji daga ɗaliban aji biyar da na aji shida. Da zarar na shimfiɗa takardar a kan tebur, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan ai kamar an zubar da taliya ne a kan takarda." Wata kuma ta duba ƙasan takardar, ta ga shekarar da aka buga ta, ta ce, "Malam, wannan taswira ta girmi babana. Ina amfaninta, tunda yanzu akwai taswira a cikin waya?"

Minti arba'in na aji ba ya isa a amsa waɗannan yadda ya kamata. Shi ya sa da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu, na ga ya dace in amsa su a nan, inda iyaye da malamai da sauran 'yan'uwa ma za su karanta. Zan ɗauki misalina daga wani gandun daji na ƙasar Amurka, mai duwatsu da koguna, inda jama'a ke zuwa shaƙatawa. Na zaɓe shi domin an yi ta zana taswirarsa a kai a kai tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma an adana taswirorin. Abin da nake so mu riƙe shi ne: kowace taswira shaida ce ta shekarar da aka zana ta. In ka jera ta jiya kusa da ta yau, za ka ga abin da ya sami ƙasar, da abin da ya sami mutanen da suka zauna a kanta.

MECE CE TASWIRAR TUDU DA KWARI?

Taswirar da ke rataye a bangon ajinmu tana nuna iyakokin ƙasashe da manyan garuruwa, amma ƙasar a shimfiɗe take kamar tabarma. Taswirar tudu da kwari kuwa tana nuna siffar ƙasa, inda ta tashi da inda ta faɗa. Tana yin haka ne da layukan nan masu launin ƙasa da ɗalibai ke kira taliya. A aji muna ce musu kontuwa. A nan zan kira su layukan tsayi, domin kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu daga fuskar teku yake daidai da juna.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. Ka samo dutse mai ɗan girma ka sa a cikin baho. Ka zuba ruwa har zurfinsa ya kai gaɓar yatsa ɗaya, sannan ka zagaya da alli ka zana inda ruwan ya tsaya a jikin dutsen. Ka ƙara ruwa gaɓa ɗaya, ka sake zanawa. Ka yi ta yi har dutsen ya nutse. Yanzu ka zubar da ruwan, ka tsaya ka leƙa dutsen daga sama. Za ka ga zobba, ƙarami a cikin babba. Layukan tsayi ke nan. Daga wannan gwaji ƙa'idodi huɗu suke fitowa:

1. Inda layuka suka matsu da juna, gangaren a tsaye yake, hawansa da wuya.
2. Inda suka yi nesa da juna, ƙasar a kwance take, ana iya noma da gini.
3. Inda suka zama ƙananan zobba rufaffu, galibi ƙololuwar tudu ce.
4. Inda layi ya ƙetare rafi, yakan lanƙwashe ya yi tsini kamar bakin kibiya, tsinin kuwa yana nuna inda ruwan ya fito.

Sai kuma ma'auni. In an rubuta 1:50,000, ana nufin santimita ɗaya a takarda daidai yake da santimita 50,000 a ƙasa, wato rabin kilomita. Launuka ma suna da ma'ana: launin ƙasa na tudu da kwari ne, shuɗi na ruwa, baƙi na aikin hannun mutum kamar gida da hanya da layin dogo, kore kuma na daji. Mai karatu, ka ajiye bahon nan a zuciya, za mu dawo kansa.

WURIN DA MUKA ZAƁA

A gabashin Amurka akwai jerin duwatsu da ake kira Afalaciya. Wani yanki nasu, a kan iyakar jihar Tenesi da jihar Karolina ta Arewa, shi ne Great Smoky Mountains, wato Manyan Duwatsu Masu Hayaƙi. Ba wuta ce ke ci a can ba. Danshi ne da tururin da ke fita daga itatuwa suke haɗuwa su yi hazo mai shuɗi-shuɗi a kan duwatsun. Iyakar jihohin biyu tana bin doron duwatsun ne, kuma daga doron nan ɗaruruwan ƙoramu suke gangarowa, waɗansu arewa waɗansu kudu.

Gandun dajin da ke wurin ya kai wajen murabba'in kilomita 2,100. Dutsen da ya fi tsawo a cikinsa yana da mita 2,025. Akwai hanyoyin ƙafa da tsawonsu ya haura kilomita 1,200. Mutane suna zuwa hawan dutse, da kamun kifi, da kwana a tanti, da kallon namun daji. Babu wani gandun daji na ƙasa a Amurka da ya kai shi yawan baƙi. A shekarar 2021 kaɗai an ziyarce shi fiye da sau miliyan 14. A 1983 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya.

Baƙon da ya shiga yau, ya ga itatuwa sun rufe ko'ina, zai yi tsammani haka wurin yake tun fil azal, ba wanda ya taɓa zama a ciki. Tsofaffin taswirori suna da wani labari dabam.

YADDA AKA AUNA DUWATSUN

Kafin a zana layin tsayi, sai an san tsayin. Tsakanin 1856 da 1860 wani malamin jami'ar Princeton, haifaffen ƙasar Suwizalan, mai suna Arnold Guyot, ya yi ta hawan duwatsun kudancin Afalaciya da ƙafa, yana ɗauke da ma'aunin nauyin iska. Dabarar ita ce, iya hawanka sama iya raguwar nauyin iskar da ke kanka, saboda haka daga raguwar ana iya lissafa tsayin wuri. Na'urar doguwar kwalba ce mai ɗauke da ruwan zaiba, in ta faɗi ta fashe aiki ya tsaya. Duk da haka awon da ya yi wa duwatsu da dama bai bambanta da na zamani ba sai da 'yan mitoci kaɗan. Dutse na biyu a tsawo a cikin gandun yana ɗauke da sunansa har yau.

A 1879 gwamnatin Amurka ta kafa hukumar binciken ƙasa da ake kira USGS, a 1884 kuma hukumar ta fara aikin zana taswirar tudu da kwari ta ƙasar baki ɗaya. Ma'aikatan safiyo sukan shiga daji da dawakai da alfadarai. Sukan kafa wani ɗan tebur mai ƙafa uku a kan tudu, su manna takarda a kai, su hangi wani tudu ta cikin madubin awo, su ja layi. Daga nan su koma wani tudun su sake hangowa. Inda layukan biyu suka haɗu, nan wurin yake a takarda. A waɗansu wurare sukan dasa ɗan faifan ƙarfe a jikin dutse domin na baya su san inda aka auna.

Taswirorin farko na wannan yanki an yi su a ma'aunin 1:125,000, wato santimita ɗaya a madadin kilomita ɗaya da kwata, tazarar layukan tsayi kuma ƙafa 100, kimanin mita 30. Launi uku ne kawai a kansu: launin ƙasa, da shuɗi, da baƙi. A shekarun 1930 aka fara amfani da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a wannan yanki. Daga baya aka fito da taswirori masu ma'aunin 1:24,000, inda santimita ɗaya yake mita 240, tazarar layuka a cikin duwatsun nan kuma ƙafa 40. Wannan jeri na taswirori ya rufe jihohi 48 na Amurka da takardu wajen 55,000, kuma sai a farkon shekarun 1990 aka kammala shi. A 2011 hukumar ta fara saka hotunan tsofaffin taswirorinta a intanet kyauta, fiye da 170,000. Yanzu bari mu buɗe su bi da bi.

SHAFI NA FARKO: GONAKI DA MAJAMI'U

A ɓangaren yamma na gandun akwai wani kwari da ake kira Cades Cove. Ko ba a gaya maka ba, ƙa'ida ta biyu za ta nuna maka shi: layukan tsayi sun matsu ta kowane gefe, amma a tsakiya sun buɗe sun bar fili. Inda ƙasa ta kwanta kuma ruwa na gudana, mutum zai zo. Turawa manoma na farko sun sauka a can wajen 1818, kafin 1850 kuwa yawansu ya haura 600. Suna noma masara da alkama, suna kiwon shanu da aladu, da lokacin zafi su kai dabbobi kiwo can saman duwatsu.

A taswirorin da aka zana kafin mutane su tashi, baƙin launi yana da yawa a irin waɗannan kwaruruwa: hanyoyin keken doki, da sunayen ƙauyuka, da ɗigo-ɗigon gidaje, da alamar makaranta, da alamar majami'a mai ɗan gicciye a kai. A taswirar yau yawancinsu sun ɓace. Abin da ya rage a Cades Cove shi ne 'yan gidajen katako da aka bari don tarihi, da injin niƙa mai aiki da ruwa, da majami'u uku, biyu na Baftis ɗaya na Metodis, kowace da maƙabartarta. Masu yawon buɗe ido suna zagaya su a mota ko a keke ta wata hanya mai tsawon wajen kilomita 18.

Ina mutanen suka tafi? A 1926 majalisar Amurka ta amince a kafa gandun, amma ba ta ba da kuɗin sayen ƙasa ba. Jihohin biyu suka ba da nasu, jama'a suka yi karo-karo har da yaran makaranta, attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya ba da dala miliyan 5. Aka sayi filaye fiye da 6,000, masu gonaki fiye da 1,200 suka tashi. Waɗansu sun sayar da yardarsu, waɗansu sai da kotu ta tilasta musu, waɗansu tsofaffi kuma aka bar su su zauna iya rayuwarsu. An kafa gandun a 1934, Shugaba Franklin Roosevelt ya ƙaddamar da shi a 1940.

SHAFI NA BIYU: LAYIN DOGO A CIKIN DAJI

Kafin zancen gandu ya taso, wani abu ya riga ya shiga duwatsun. Daga wajen 1900 kamfanonin katako suka sayi manyan filaye. Kamfanin Little River, wanda aka kafa a 1901, ya shimfiɗa layin dogo daga garin Townsend, ya bi bakin kogi har zuwa Elkmont, bai daina sara ba sai 1939. A ɓangaren kudu kamfanin Ritter ya yi aiki a rafin Hazel, har ƙauyen Proctor ya zama gari mai mutum fiye da 1,000. Cikin shekara arba'in aka sare mafi yawan tsohon dajin.

A nan ɗalibi mai lura zai ga yadda layukan tsayi ke bayyana dalilin abu. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan gangare a tsaye kamar akuya. Saboda haka layin dogo yakan bi gefen rafi, yana ƙetare layukan tsayi ɗaya bayan ɗaya a hankali. Inda kwari ya tsuke, sai layin ya riƙa kai da komo a jikin dutse. Inda layukan tsayi suka matsu ƙwarai, ko wurin ya yi nisa, masu sara ba su kai ba. A irin waɗannan lunguna ne galibi tsofaffin itatuwa suka tsira, kuma an ƙiyasta sun kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na dajin.

In ka ɗora taswirar yau a kan ta wancan zamani, za ka ga abin mamaki. An cire ƙarafunan dogo tuntuni, amma hanyar tana nan. Titin motar da ke bin kogin Little River a kan tsohon layin dogo aka yi shi, haka ma hanyoyin ƙafa da dama. Mai yawon shaƙatawa yana jin daɗin hanya mai sauƙin hawa a ƙarƙashin inuwa, bai san cewa don fitar da gungumen itace aka sassaƙa ta ba, kuma itatuwan da ke masa inuwa sababbin tohowa ne.

SHAFI NA UKU: RANAR DA RUWA YA HAU

Yanzu mu koma kan bahonmu. Mun ga cewa bakin ruwan da ke tsaye a wuri ɗaya shi kansa layin tsayi ne. Wannan ƙaramar gaskiya ita ce ta yanke wa dubban mutane hukunci a kudancin duwatsun Smoky.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka tana bukatar wutar lantarki mai yawa domin narka alminiyam na ƙera jiragen sama. A farkon 1942 hukumar TVA, mai kula da kwarin kogin Tenesi, ta fara gina madatsar ruwa ta Fontana a kan kogin Little Tennessee. A watan Nuwamba na 1944 aka rufe ƙofofinta. Tsayinta mita 146 ne, babu wadda ta kai ta a gabashin Amurka. Tun kafin a zuba siminti, injiniyoyi sun san ruwan zai tsaya a wajen ƙafa 1,700 daga fuskar teku, kimanin mita 520. Abin da ya rage kawai shi ne su bi wannan layi a kan taswira. Duk gida da gona da majami'a da kabarin da ya faɗa ƙasa da layin, ruwa zai ci shi.

A taswirar da aka zana kafin madatsar, kogin siririn zare ne shuɗi, layin dogo da titi suna bin gefensa, ga sunayen garuruwa kamar Bushnell da Judson. A ta bayan madatsar, tafki ne mai tsawon fiye da kilomita 40, mai rassa kamar yatsu, kowane yatsa tsohon kwarin rafi ne. Garuruwan suna ƙarƙashinsa. Iyalai fiye da 1,300 suka tashi, aka tone kaburbura fiye da 1,000 aka mayar da su kan tudu.

Har waɗanda ke sama da layin ba su tsira ba. Ruwan ya cinye titin da ke haɗa arewacin tafkin da sauran duniya, sai aka tashi mutanen can ma, har da na Proctor, aka haɗa ƙasarsu da gandun. Maƙabartunsu fiye da 20 suka rage a can cikin daji, tunda ruwa bai kai gare su ba. A 1943 gwamnati ta yi alkawarin gina sabon titi. Aka gina wajen kilomita 10, aka huda dutse aka yi rami na wucewa, a farkon shekarun 1970 aiki ya tsaya. Mutanen yankin suna kiransa hanyar da ba ta zuwa ko'ina. A 2010 aka daidaita cewa za a biya ƙaramar hukumar Swain dala miliyan 52 a maimakon titin, aka kammala biya a 2018.

Tun ƙarshen shekarun 1970 ma'aikatan gandun suke ɗaukar 'ya'ya da jikokin mutanen nan a jirgin ruwa, a waɗansu ranaku na shekara, su ƙetare tafkin zuwa kaburburan iyayensu. Sukan share wurin, su sa furanni, su yi waƙoƙin sujada da addu'a, su ci abinci tare. A kan tafki guda, wani ya zo kamun kifi don nishaɗi, wani kuma yana wucewa ta saman gidan da aka haifi kakarsa. Jikan da bai taɓa ganin ƙauyen ba, tsohuwar taswira ce za ta nuna masa inda makaranta take, da inda hanya ta bi zuwa majami'a.

ABIN DA TASWIRA TA YI SHIRU A KAI

Kada mu ɗauka cewa duk abin da ke cikin tsohuwar taswira shi ne farkon labari. Mai zana taswira mutum ne, kuma sunan da ya ji ko ya ga dama shi yake rubutawa. Tun kafin Bature ya taka wurin, duwatsun nan ƙasar kabilar Ceroki ce. A 1838 gwamnati ta kwashe wajen mutum 16,000 daga cikinsu da ƙarfin soja zuwa yamma, inda jihar Oklahoma take a yau, dubbai suka mutu a hanya. Waɗansu sun ɓuya a cikin duwatsu, waɗansu sun sami hanyar zama, kuma zuriyarsu tana nan a gefen gandun ta kudu. Lokacin da ma'aikatan safiyo suka iso, shekara wajen hamsin ta wuce da wannan kora.

Dubi dutsen nan mafi tsawo. A 1859 Guyot ya sa masa sunan Thomas Clingman, wani ɗan majalisar dattawa, kuma taswirori suka yi ta ɗaukar sunan Clingmans Dome fiye da shekara ɗari. Amma Ceroki suna da nasu sunan tun da daɗewa: Kuwohi, wato wurin itacen malberi. Bisa roƙonsu, a watan Satumba na 2024 hukumar da ke kula da sunayen wurare ta Amurka ta mayar wa dutsen sunansa na asali. Layukan tsayin ba su motsa ba, sunan ne ya canja. Saboda haka taswirar da aka buga a 2020 ma ta riga ta zama ta tarihi.

YADDA ZA KA KARANTA TSOHUWAR TASWIRA

1. Ka fara da gefe kafin tsakiya. Ka nemi shekarar da aka yi awo da shekarar da aka buga. Sau da yawa ba ɗaya ba ne, kuma shekarar awo ce ke gaya maka ranar da taswirar ta ga ƙasar.
2. Ka duba ma'auni. Taswira mai 1:125,000 ba ta da wurin nuna kowane gida, saboda haka rashin ɗigo ba ya nufin rashin mutane.
3. Ka duba tazarar layukan tsayi, ka tabbata ko da ƙafa aka auna ko da mita.
4. Ka nemi abin da ba ya saurin canjawa, kamar ƙololuwar dutse ko mahaɗar rafuka, ka daidaita taswirori biyu a kansa.
5. Sannan ka bi baƙi da shuɗi, ka rubuta abin da ya ɓace da abin da ya bayyana.
6. Daga ƙarshe ka tambayi kanka: wa ya zana, don me, kuma wa aka bari a waje?

Gargaɗi ɗaya: tsohuwar taswira ta nazari ce. Kada wani ya shiga daji da ita ita kaɗai yana neman gadar da ruwa ya tafi da ita shekara sittin da suka wuce.

MU KUMA A NAN GIDA

Taswirorin da muke koyon karatu da su, masu 1:50,000 da 1:100,000, da yawansu daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 zuwa 1970 aka zana su, shi ya sa za ku ga tsayi da ƙafa a kan waɗansu. Su ma tsofaffin shaidu ne. Garin da suka nuna ɗan ƙarami yau ya cinye gonakin da ke kewaye da shi, kurmin da suka shafa wa kore wataƙila ya zama gawayi.

Labarin Fontana ma ba baƙo ba ne gare mu. Da aka kammala madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1968, tsohon garin Bussa ya nutse, mutum fiye da 40,000 suka tashi daga garuruwa da ƙauyukansu, aka gina Sabuwar Bussa. Layin tsayi ne a can ma ya nuna wa zai tashi. Muna kuma da namu gandun mai duwatsu da kurmi da koguna, wato Gashaka-Gumti a jihohin Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991. A cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda ya fi Kuwohi tsawo da kusan mita 400.

KAMMALAWA

Ga ɗalibin da ya ce taliya, ina fata yanzu ka ga cewa layi ɗaya daga cikin taliyar nan ya isa ya tashi gari. Ga ɗalibar da ta ce taswirar ta girmi babanta, gaskiyarki, kuma amfaninta ke nan. Taswirar waya tana nuna miki yau, gobe a sabunta ta, ta jiya ta tafi. Ta takarda kuwa tana riƙe da shekararta. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Ina roƙon iyaye da shugabannin ikkilisiya, duk wanda ke da tsohuwar taswira ko takardar safiyo ta fili a akwati ko a ofis, kada ya bar wa gara. A kawo wa makaranta mu ɗauki hotonta mu mayar.

AIKIN HUTU

1. Ku yi gwajin baho da dutse, ku zana zobban da kuka gani a takarda, ku nuna gefen da ya fi wuyar hawa.
2. A taswira mai 1:24,000, rafi ya ɗauki santimita 15. Kilomita nawa ne tsawonsa a ƙasa?
3. Ku bayyana dalilin da ya sa tafkin madatsa yake yin rassa kamar yatsu.
4. Ku zauna da wani dattijo ko dattijuwa a garinku, ku roƙe su su kwatanta muku garin yadda yake suna yara: ina rijiya, ina kasuwa, ina kurmi, ina maƙabarta. Ku zana abin da suka faɗa, ku rubuta sunayen wuraren da harshenku, ku sa kwanan wata a ƙasan takardar, ku kawo mini a makon farko na sabon zango.

Allah ya ba mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya.